Yadda za ka tsara waƙarka don jin daɗin ranka kawai

Mutanen da waƙa ke yawo a bakinsu sun fi mawaƙa yawa nesa ba kusa ba. Tela yana kan keke wani kari ya faɗo masa, ya yi ta rera shi a maƙoshi har la'asar, washegari ya laluba ya rasa. Mai jego tana jijjiga ɗanta ta ƙaga masa 'yan kalmomi masu daɗi, ta maimaita sau biyu, da ta ji sallama a zaure sai ta yi gum. Ka tambaye su abin da ya hana su ƙarasawa, amsar ba ta wuce uku: ba ni da murya, ba ni da kuɗin situdiyo, ai ni ba mawaƙi ba ne. Duka ukun tushensu ɗaya. An sa mana a rai cewa waƙa ba ta cika waƙa sai an fitar da ita jama'a sun yaba.

Alhali ba haka muka gada ba. Waƙar daka, da ta niƙa, da ta daɓe, da ta reno, babu wadda aka yi don sayarwa. Matar da ke durƙushe gaban dutsen niƙa tana rerawa ne don hannunta ya sami abin bi, zuciyarta kuma ta sami inda za ta sauke abin da ya dame ta. 'Yan mata a dandali sukan ƙara sabon layi a waƙar gaɗa nan take, in ya yi daɗi ya zauna, in bai yi ba a wuce shi, ba mai kwana da baƙin ciki a kansa. Makiyayi da sarewarsa a daji, shanu ne kaɗai ke jin sa. Irin wannan waƙar nake so ka koma yi, kuma ma'auninta guda ne: in gari ya waye, kana marmarin sake rera ta? In kana yi, to ta yi.

Wanda fahimtarsa ta addini ba ta ba shi damar taɓa kayan kiɗa ba, sai ya tsallake duk inda na ambace su. Matakan nan suna tafiya daidai da murya zalla, kuma akasarin rubutattun waƙoƙin malamanmu da murya kawai ake rera su.

Mataki na farko: ka yanke cewa wannan ba ta fita

Kafin ka buɗe baki, ka yi wa kanka alkawari: waƙar nan ba za ta hau TikTok ba, ba za ta shiga WhatsApp ba, ba wanda zai ji ta har tsawon wata 3. Kada ka raina wannan matakin. Da zarar ka sa masu sauraro a ranka, sun shigo ɗakin ke nan sun zauna, kowane layi ka rera sai ka ji kamar abokinka mai tsokana yana ƙunshe dariya. Ba a iya ƙirƙira a gaban alƙalai, ko da alƙalan na cikin kai ne.

Sai ka zaɓi ƙaramin abu. Kada ka fara da halin da ƙasa ke ciki, ko da soyayyar da ta hana ka barci. Waɗannan suna da nauyi, za su sa ka ji dole sai ka faɗi babbar magana. Ɗauki abin da ke gabanka: hadarin farkon damina, shayin safe, tsohon kekenka, akuyar da ta addabi gidanku, hanyar zuwa garinku. Girman waƙar ma ka ƙayyade shi tun yanzu: amshi ɗaya, ɗiya (wato baitocin da ke tsakanin amshi da amshi) biyu ko uku, tsawon minti 2. Lokacin zama kuma minti 15 zuwa 20 ya isa. In lokaci ya cika ka tashi, ko da abin yana daɗi. Gara ka tashi da sauran marmari da ka tashi a gajiye.

Mataki na biyu: kama guntaye kafin su tsere

Kari ba ya sallama, kuma ba ya jira. Yakan zo kana cikin adaidaita sahu, ko kana wanki, ko kana layin famfo. Don haka ka ɗauko manhajar naɗar murya da ke cikin wayarka ka ajiye ta a fuskar wayar, inda yatsa zai same ta da taɓawa ɗaya. In wani abu ya faɗo maka, naɗi daƙiƙa 10 ko 20, ko da a maƙoshi ne, ko da ba kalma ko ɗaya.

Ga wata dabara da za ta cece ka daga ɓacin rai: yayin da kake naɗa, ka riƙa buga cinyarka ko ƙirjinka da hannu. In ba haka ba, bayan mako guda za ka saurari guntun ka ji sautukan suna nan amma ka kasa tuna inda ƙafar waƙar take sauka, sai ya zame maka baƙo. Ka kuma sa wa kowane guntu suna da za ka gane, kamar "na bakin kasuwa" ko "hadari". Kalmomi kuwa a ɗan littafi, da boko ko da ajami, duk wanda hannunka ya fi sabawa da shi. Kada ka goge komai, kada kuma ka tsaya auna kyansa. Tarawa kawai kake yi.

Mataki na uku: samo bugu

Tashi ka yi tafiya a tsakar gida, irin tafiyarka ta kullum. Takun nan naka shi ne bugun farko. Mutum mai tafiya ba gaggawa yakan yi taku wajen 100 zuwa 120 a minti, kuma waƙoƙi masu yawa a nan suke zaune. In waƙar lallashi kake so, sauko zuwa bugu 60 ko 70 a minti. 60 daidai yake da tafiyar daƙiƙar agogo. Akwai manhajojin ƙidayar bugu kyauta, ana ce musu metronom, amma ƙafarka ta wadatar.

Yanzu saurari abin da ke tsakanin taku da taku. Kana iya cusa ƙananan bugu biyu a ciki: ta-ka, ta-ka, ta-ka. Kana kuma iya cusa uku: ta-ka-ta, ta-ka-ta. Na biyu-biyu yana tafiya a miƙe. Na uku-uku yana da lilo, shi ne ke sa kafaɗa motsi, kuma za ka ji shi a kaɗe-kaɗenmu na gargajiya da dama. Gwada kowanne na minti ɗaya, wanda jikinka ya karɓa shi ne naka na yau.

Sauti biyu kawai kake buƙata, mai kauri da siriri. Kife ƙwarya a kan tabarma ko a kan zani, ka bugi tsakiyarta da gindin tafin hannu, ka ji "dum". Ka ƙwanƙwasa gefenta da yatsu, ko da zobe in kana da shi, ka ji "tak". In kana son amo mai zurfi, zuba ruwa a baho ka kife ƙwaryar a kansa. Ka ɗan karkata ta iska ta fita kaɗan, za ka ji muryarta ta sauya. Babu ƙwarya? Bokiti, jarka, teburi, bayan tire, duk suna yi. Shirya ɗan tsari gajere, misali dum, tak-tak, dum, tak, ka yi ta maimaita shi har hannunka ya riƙe shi ba sai ka yi tunani ba.

Kada ƙanƙantar kayan aiki ta sa ka ji kamar wasan yara kake. Marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da kiɗan ƙwarya ta yi sunanta. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi tak, kuma jikin kuntigi sau da yawa gwangwanin kifi ne aka rufe da fata.

Mataki na huɗu: amshi, wato gindin waƙa

A nan za mu daɗe, don in amshi ya zauna, sauran waƙar saukowa take yi.

Fara da magana, ba da rerawa ba. Faɗi jimla ɗaya a kan abin da ka zaɓa, yadda za ka faɗa wa mutanen gidanku. A ce hadari ka ɗauka. Abin da zai fito daga bakinka shi ne: "Hadari ya haɗo daga gabas, ku zo ku kwashe shanya." Yanzu ci gaba da bugunka, ka riƙa faɗin jimlar a kansa, sau 10 ko fiye. Za ka ji wasu kalmomin suna tuntuɓe, suna neman wurin tsayawa sun rasa. Waɗannan ka zubar ko ka musanya. Bayan 'yan zagaye tana iya komawa haka:

Hadari ya haɗo gabas,
Ku kwashe shanya 'yan gida.

Ƙirga gaɓoɓin da yatsu: kowane layi 8. Ba dole ne su zo daidai cif ba, amma in sun yi kusa da juna numfashi yakan sami sauƙi.

To ina karin rerawar zai fito? Yana cikin jimlar tun farko, kuma wannan babbar gata ce da Hausa ta yi mana. Harshenmu mai karin sauti ne: kowace gaɓa tana sama, ko tana ƙasa, ko tana faɗowa daga sama zuwa ƙasa. Shi ya sa kalangu ke iya magana. Makaɗi yana matse tsirkiyoyinsa a hammata fatar ta ɗaure sauti ya hau, ya saki ya sauka, mai sauraro ya tsinci kirarin da ake nufi ba tare da an furta ba. Kai ma haka za ka yi da muryarka. Faɗi layin a hankali, ka lura da inda murya ta hau da inda ta sauka. Sai ka ƙara wa hawan tsawo kaɗan, ka ƙara wa saukar zurfi kaɗan, ka ja shi. Maimaita. Wani wuri tsakanin faɗa ta biyar da ta goma za ka tarar ka daina magana ka fara waƙa, ba ka ma san lokacin da ka tsallaka ba.

Abin kiyayewa shi ne kada karin da ka ɗora ya yi faɗa da karin kalmar. In kana nufin kukan yaro amma ka sauke murya a gaɓar ƙarshe, kunnen Bahaushe itacen kuka zai ji. Mawaƙa sukan lanƙwasa wannan ƙa'ida a wasu wurare, amma kai da kake farawa, bin ta zai sauƙaƙa maka aiki ƙwarai.

Sai nauyin gaɓa. Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne. Marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "gi" a gida. Mai nauyi ita ce mai dogon wasali, ko tagwan wasali, ko wadda baƙi ya rufe, kamar "da" a gida, ko "kai", ko "bas" a gabas. In za ka ja murya, ja ta a kan mai nauyi. A "hadari", ha da da gudu suke yi, a kan ri ake hutawa. Wanda ya ja "gi" ya gajarta "da", nan take za a ji waƙar ta yi baƙon baki. Duba layukan nan biyu na sama: ga-bas, gi-da, dukansu sun ƙare da marar nauyi sannan mai nauyi. Wannan ne ya sa suka zauna tare duk da ba su da amsa-amo ɗaya.

Gwajin amshi biyu ne. Kowane layi ya fita da numfashi ɗaya ba tare da ka shaƙe ba. Sannan ka tambayi kanka, yaro ɗan shekara 6 zai iya kama shi in ya ji sau biyu? In ya yi tsawo, rage. Amshi bai taɓa lalacewa don gajarta ba.

Mai sha'awar rubutacciyar waƙa zai tambaya, ina batun ƙwar biyu da ƙwar huɗu da ƙwar biyar, da ƙaramin amsa-amo da babba, da ma'aunan aruli irin su Mutadarak da Kamil? Ilimi ne mai daɗi, kuma ina ƙaunarsa. A ƙwar biyar, alal misali, ɗango huɗu na farko suna ƙarewa da amo ɗaya, na biyar kuma ya ɗauki babban amsa-amon da ke ratsa waƙar duka. Amma ka ajiye shi sai ka gama waƙoƙi uku ko huɗu. Wanda ya fara da awo kafin kunnensa ya buɗe, ƙirga zai yi ta yi, ba rerawa ba.

Mataki na biyar: zaunar da karin a muryarka

Fara rerawa daga inda muryarka take in kana hira. In ka ji jijiyar wuya ta tashi, ka yi sama da yawa, sauko. Muryar da kake da ita ita ce kayan aikin. Mai kauri ce, mai kaushi ce, siririya ce, duk akwai waƙar da ta dace da ita.

In kana da fiyano, ko ka sauke manhajarsa a waya, ga hanya mafi sauƙi da na sani. Dubi baƙaƙen maɓallan: a jere suke biyu, uku, biyu, uku. Biyu da ukun nan sautuka biyar ne, kuma kaɗe-kaɗe masu yawa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta a kan tsani mai sautuka biyar suke tafiya. Daɗin abin shi ne babu biyu a cikinsu da suka matsu da juna har su yi karo a kunne, don haka duk yadda ka taɓa su ba za ka ji abin ƙyama ba. Rera amshinka, ka laluba baƙaƙen maɓallan da yatsa ɗaya har ka sami waɗanda suka yi kusa da abin da bakinka ke yi. Za ka lura akwai sauti ɗaya da in ka sauka a kansa sai ka ji an iso gida. Riƙe shi. A kansa za ka ƙare layin ƙarshe na amshi. Layin farko kuwa ka bar shi a rataye a wani sautin, don kunne ya jira na biyu.

Sautuka uku ma sun isa waƙa guda. Waƙoƙin reno da yawa ba su wuce haka ba.

Mataki na shida: ɗiyan waƙa

Amshi ya samu, saura abin da za a riƙa dawowa gare shi daga ciki. Kada ka nemi hikima. Tambayi kanka abubuwa masu sauƙi: me na gani, me na ji, wa ke wurin, me yake yi? Ka amsa a kan bugun nan dai:

Iska ta taso da ƙura,
Kaji sun bar tsakar gida,
Inna ta jera bokitai
A ƙarƙashin indararo.

Layuka biyun farko sun ƙare da amo ɗaya, na ƙarshe biyu ba su yi ba. Ka bar su haka. Waƙar baka ba ta ɗaure kanta da amsa-amo yadda rubutacciya ke yi ba, kuma bokitan Inna a ƙarƙashin indararo sun fi duk wata kalma da za ka jawo da ƙarfi don ta ƙare da "a". Gaskiyar hoton ita ce ke sa ka ji waƙar taka ce.

Inda kalma ta ƙi zuwa, kada ka tsaya. Cike gurbin da ayye, da iye, da yaraye, da nanaye, kamar yadda 'yan mata ke yi a dandali tun kaka da kakanni. Wataƙila gobe kalmar ta zo, wataƙila kuma ka ga ayyen ta fi daɗi ka bar ta.

Ɗa na biyu ya ci gaba da labarin: ruwa ya sauko, yara sun fita tsirara, ƙamshin ƙasa ya tashi. Ka ɗan ɗaga murya a farkonsa don kada ya zama kwafin na farko. A ɗa na uku ne nakan so mutum ya bar abin da ido ya gani ya faɗi abin da ke ransa, ko da layi biyu ne:

Damina ta tuna mini
Gonar Baba ta bayan gari.

Layi na biyu gaɓa 9 gare shi, ɗaya ta yi yawa. Ba matsala. Gaɓoɓi marasa nauyi biyu sukan shiga gurbin mai nauyi ɗaya, don haka "ba" ta ƙarshen Baba da "ta" sai su ruga tare a bugu guda. Gwada ka ji. Sau da yawa ƙaramin abin da ka fara da shi, shi ne ke kai ka ga babban da ka guje wa a farko, kuma a lokacin yakan fito ba tare da tilas ba.

Mataki na bakwai: ranar gini daban, ranar gyara daban

Mafi yawan waƙoƙin da suka mutu a hanya, gyara ne ya kashe su tun ba su tsaya da ƙafarsu ba. Mutum ya yi layi ɗaya, ya soke, ya sake, ya soke, dare ya yi bai wuce nan ba. Don haka ka raba aikin gida biyu. Ranar gini ba a soke komai, ana ƙari ne kawai. Sai waƙar ta kwana. Washegari ka saurare ta sau ɗaya, kana tafiya ko kana wani aikin hannu, ba kana zaune ka kafa mata kunne ba.

Abubuwa uku kaɗai aka yarda ka gyara: inda harshe ke sarƙewa, inda numfashi ke yankewa, da kalmar da ka faɗa alhali ba ita ce a ranka ba. Ka gyara waɗannan, ka janye hannu. Duk wani "da an ƙara kaza" ka rubuta shi a littafi, na waƙa mai zuwa ne.

Akwai damuwa biyu da nake yawan ji. Ta farko: "Karin nan kamar na taɓa jin sa a wata waƙa." Mai yiwuwa ne, kuma ba laifi ba ne. Sautuka biyar ne muke juyawa mu duka, kunnenka kuma cike yake da abin da ka sha tun kana goye. In abin ya dame ka, sauya bugun daga biyu-biyu zuwa uku-uku, ko ka canza sautin da layi ya ƙare a kai. Maganar haƙƙin mallaka tana tasowa ne in za ka fitar ko ka sayar, kai kuwa a ɗakinka kake.

Ta biyu: "Na saurari tawa, na saurari ta rediyo, sai na ji kunya." Ka sani abin da ka ji a rediyo ba haka ya fito daga bakin mai shi ba. A situdiyo layi-layi ake ɗauka, a maimaita sau da yawa a zaɓi mafi kyau, kwamfuta ta daidaita muryar inda ta kauce, a ƙara mata amo da kauri. Aikin sana'a ne, yana da kyau a wurinsa. Amma auna naɗin wayarka da shi zalunci ne ga kanka. Shawarata, ranar da za ka yi taka waƙar, kada ka saurari ta kowa awa ɗaya kafin zama da awa ɗaya bayansa.

Ranar da kuma babu abin da ya zo, ka buga ƙwaryarka kawai na minti 10, ko ka rera tsohon amshinka, ka tashi. Wannan ma zama ne.

Mataki na takwas: naɗa ta

Dalilin naɗi shi ne kada ka manta, da kuma ka ji daɗin sauraro. Zaɓi ɗakin da ke da katifa, da labule, da kayan sawa a rataye, domin suna shanye amsa-kuwwa. Ɗakin da babu komai sai siminti yakan sa murya ta yi ta karo da bango. Kashe fanka. Sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ka. Nemi lokacin da unguwa ta yi tsit, kafin injinan niƙa da janareto su tashi. Ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinka, ka ɗan kauda ta gefe don iskar "f" da "b" kada ta riƙa dukan makirfo. In da ƙwarya kake, ta fi bakinka nisa da wayar, don ta fi ka ƙara.

Ɗauka uku, ba ƙari. A kowace ɗauka, in ka yi kuskure kada ka tsaya, wuce har ƙarshe. Zaɓi wadda ka fi jin daɗinta, ba wadda ta fi tsabta ba. Sau da yawa ta farko ce, wadda zakara ya yi cara a tsakiyarta.

In kana son ka zama jagora kuma ka zama 'yan amshin kanka, akwai hanya. Manhajar BandLab kyauta ce a wayoyin Android da iPhone, GarageBand tana kan iPhone, Audacity kuma kyauta ce a kwamfuta. Dukansu suna ba ka damar ɗora sauti a kan sauti, kowane naɗi da nasa layin a cikin manhajar. Fara naɗar bugu shi kaɗai na minti 2. Sa iyafis a kunne, ka rera waƙar a kansa a layi na biyu. Sai ka rera amshi kaɗai a layi na uku, ka sake rera shi a na huɗu. Da ka kunna su tare za ka ji kamar mutum biyu ne ke karɓa maka, kuma ɗan bambancin da ke tsakanin muryoyin shi ne daɗin, kada ka goge shi. Yi amfani da iyafis mai waya, domin na Bluetooth yana da ɗan jinkiri da zai sa ka riƙa sauka bayan bugu. Hattara dai: manhajojin nan cike suke da maɓallai, suna iya cinye maka dare kana murɗe-murɗe ba ka rera komai ba. Ƙarar kowane layi kawai za ka daidaita. Maɓallin wallafawa kuma ba naka ba ne yanzu.

Mataki na tara: rufe ta, ka rayu da ita

Sa mata suna da kwanan wata, ka mayar da ita cikin wata jaka a wayar da ka rubuta wa "waɗanda aka gama". Ajiye kwafi a memori ko a Google Drive, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Daga nan ka shiga rera ta a inda aka yi ta domin shi: kan keken ɗinki, bakin murhu, bisa babur, wajen lallashin yaro. Za ta riƙa sauyawa a bakinka da kanta, wata kalma ta faɗi wata ta shigo. Ƙyale ta, ba sai ka sake naɗi ba.

In wata ukun sun cika kuma kana son wani ya ji, zaɓi mutum ɗaya mai ƙaunarka, ka rera masa baki da baki, ka gaya masa tun farko cewa sauraro kake so ba gyara ba. In kuma ba ka son kowa ya ji har abada, hakkinka ne.

Gargaɗi ɗaya da ba zan bari ba: waƙar huce haushi tana da amfani, iyayenmu mata sun san haka a bakin turmi. Amma tasu iska ke tafiya da ita. In ka yi zambo ko habaici da sunan wani, kishiya ce ko maigidan aiki ko maƙwabci, rera shi kai kaɗai, kada ka naɗa. Abin da ya shiga waya, yaro ma yana iya tura shi, kuma ba a janyo shi.

Wadda ta ƙi ƙaruwa kuwa, ta tsaya a amshi da ɗa ɗaya ta kafe, kada ka yi kokawa da ita. Mayar da ita cikin guntaye, ka buɗe "na bakin kasuwa" ko wani da ka tara, ka koma mataki na uku.